Ranar da Maiwada Ya Hau Tuwaiƙ da Keke

Ranar Lahadi, 5 ga watan Nuwamba, 2017, da hantsi, aka kawo Maiwada Inuwa ofishin akawu na Abu Kamil, wani dillalin kayan gwari a kasuwar Aziziya da ke kudancin Riyad. Dogo ne siriri, mai shekara talatin da 'yan kai, jakar leda a hannu ɗaya, katin iƙama, wato izinin zama, a ɗayan. An mayar da kafalarsa ne, wato ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, daga wani kamfanin gine-gine zuwa hannun dillalin, kuma wanda ya rako shi bai ɓoye dalili ba. A gaban kowa ya ce mutumin kirki ne, ba ya ƙyuya, amma ba ya iya hawa sama.

A benci a bakin ƙofa wani ɗan dako yana zaune yana shan shayi, gajere kakkaura mai furfura a gemu. Bashari ke nan, mutumin Dutsin-Ma. Ya ƙare wa baƙon kallo, ya tambaye shi garinsu.

"Haɗeja," in ji Maiwada.

Bashari ya ajiye kofi, ya ɗaga hannuwa sama. "Alhamdu lillahi! Tun da na zo ƙasar nan nake roƙon Allah ya kawo mini bawa, sai yau."

Maiwada bai yi dariya ba, amma ya amsa. "Tashi ka ba ubangidanka wuri, Bakatsine. Ka kuma ɗauraye kofin nan ka zubo mini."

Daga wannan wasa na Katsinawa da Haɗejawa abotarsu ta tashi, kuma a ranar Bashari ya tafi da shi ɗakinsu a unguwar Ulaisha.

An haifi Maiwada a wani ƙauye a bakin kogi, a ƙasa shimfiɗaɗɗiya wadda in ka tsaya a gona kana hango mai zuwa tun yana ɗan ɗigo. Bai taɓa hawa bishiya ba. In sa'o'insa suka hau tsamiya, shi ne mai tsinta a ƙasa. Babu wanda ya damu, domin a can mutum yana iya tsufa bai hau abin da ya wuce rumbu ba. Ya yi noman shinkafa, ya yi su, ya auri Zaituna, suka haifi Fiddausi. Da ambaliya ta cinye gonarsa damina biyu a jere, sai ya nemi bizar aiki. Ya sauka Riyad a 2016, bayan ya yi tafiyar jirgin gaba ɗaya da bargo a kansa.

Watannin farko a wurin gini yana ƙasa yana kwaɓa siminti, lafiya lau. Wata rana shugaban leburori ya aike shi can sama da bokitin ƙusoshi. Lifta ta kai shi, ya fito, ya ga babu bango ko ta ina, sai iska, sai motoci a ƙasa kamar kiyashi. Ya saki bokitin ya rungume wani ginshiƙi. Aka yi masa tsawa, aka lallashe shi da Larabci da Hausa, bai saki ba. Sai bayan la'asar mutum huɗu suka ɓamɓare yatsunsa, suka rufe masa fuska da ƙyalle, suka sauko da shi. Ƙarshen aikinsa na gini ke nan.

A Ulaisha gado mai hawa biyu ne, kuma Bashari ne ke kwana a ƙasa saboda gwiwarsa. Daren farko ya ga Maiwada yana shimfiɗa kwali a kan siminti. Sai ya kwashe bargonsa ya haye sama, yana mita wai duniya ta lalace, bayi sun fi iyayen gidansu jin daɗi. Akwai gadar masu tafiya a ƙasa kusa da gidan, wadda kowa ke bi ya tsallaka titi. Maiwada yakan zagaya har fitilar ba da hannu. Bashari yakan raka shi, yana zaginsa har su isa.

'Yan dakon Abu Kamil da keke suke aiki tsakanin filin sauke kaya da shaguna. Kekuna ne baƙaƙe na ƙarfe, masu giya ɗaya, an yi wa kowanne waldar faffaɗan kariya da ke ɗaukar akwatunan tumatir har su wuce kan mai tuƙi. Babu mai birki a cikinsu. Wayar birki tana sarƙe kaya, kasuwa kuma ba ta da gangara, saboda haka ranar da keke ya zo ake cire ta. In za a tsaya, sai a danna silifa a kan tayar gaba. Suna kuma da ƙullinsu na kaya, wanda ja ke ƙara wa ƙarfi, ba ya kwancewa sai igiya ta yi sako-sako. Maiwada ya ƙware a kansa har yana ƙulla shi yana hira, bai duba ba.

Wani abu kuma da Bashari ya koya masa shi ne bin bayan mota. In babbar mota ta fito daga filin tana tafiya a hankali, sai ɗan dako ya zura igiya a ƙarfen bayanta, ta ja shi har ƙofa.

"Zurawa ake yi, ba ɗaurewa ba," in ji Bashari. "Ka zura, ka riƙe bakin igiyar a tafin hannunka. In ka ga abin da ba ka so, ka buɗe hannu, shi ke nan. Ka gane, ko sai na faɗa maka da yaren kifi?"

A haka ya yi shekara huɗu da wani abu. Yana aika wa Zaituna abin da ya samu, yana kiran Fiddausi ranar Juma'a. Ba a taɓa rubuta masa fashin aiki ba.

Ranar Alhamis, 17 ga Maris, 2022, azumi ya matso, kaya suna tsada, Abu Kamil ya tura su biyun gonarsa su tsinke tumatir su jera a akwatuna kafin babbar mota ta zo ranar Asabar. Aka ɗora keken Maiwada a bayan a-kori-kura, don kwaso akwatuna daga cikin gona zuwa rumfa.

Wanda ke zaune a Riyad ba ya sanin cewa a kan tudu yake. Sai ya nufi yamma sosai zai ga ƙasa ta yanke gaba ɗaya, ta faɗa can ƙasa. Wannan yankewar ita ce dutsen Tuwaiƙ, kuma gonar tana gindinsa, a cikin wani lungu. Tsohuwar hanya ce siririya ke sauka wurin, tana nannaɗe a jikin dutsen. Maiwada bai san da ita ba sai da motar ta karkata. Ya kwanta rubda-ciki a tsakanin akwatuna, ya cusa fuska a buhu.

"Kai, tashi ka ga ikon Allah!" Bashari yana taɓa shi da ƙafa. "Mutane har kuɗin mai suke kashewa su zo kallon wurin nan. Ga raƙuma can kamar ƙwari."

"Allah ya isa tsakanina da kai," in ji Maiwada daga cikin buhu.

Washegari Juma'a, da sassafe, Buraima mai gadin gonar ya ɗauki a-kori-kurar ya tafi gari. Ya ce zai yi sallah, ya sayo gas da shinkafa, ya biya wajen 'yan garinsu, sai dare zai dawo. Suka rage su biyu.

Rana ta ɗan ɗaga lokacin da Bashari ya je bayan ɗakin injin ruwa ɗauko akwatunan da aka jibge a kan duwatsu. Maiwada yana rumfa ya ji wata ƙara siririya, kamar an jefa albasa a tafasasshen mai. Sai salatin Bashari. Da ya iso a guje, ya tarar da shi zaune a ƙasa yana riƙe da idon sawu, wani ɗan gajeren maciji mai zane-zane kuma yana sulalewa cikin duwatsu.

Maiwada ya san irinsa. A garinsu kububuwa ake ce masa. Ya taɓa ganin ƙanin mahaifinsa bayan irin wannan sara: da farko yana magana yana dariya, daga baya jini ya fara fitowa ta dasashi, ta hanci, har ta wani tsohon tabo da ya warke tun yana saurayi.

Ya ja Bashari zuwa inuwar rumfa, ya zaro 'yar wuƙarsa ta yanke igiya ya tsarge ƙafar wandon. Hudoji biyu ne ƙanana, amma wurin har ya fara tashi. Ya yar da wuƙar a nan, ya ciro waya. Babu sabis. Ya duba ta Bashari, ita ma haka. Ya zagaya rumfar yana ɗaga su sama.

"Kada ka wahalar da kanka," in ji Bashari. "Buraima ya faɗa jiya. Sai a babban titi, ko a saman dutse."

Babban titi yana can nesa, ta hanyar yashi da ke bin fili. Da keke, sai rana ta yi sanyi mutum zai kai. Hanyar dutse kuwa daga bayan gonar ta tashi.

Bashari ya dube shi, babu wasa a fuskarsa.

"Bi ta titi, Maiwada. Na san ka. Ba zan riƙe ka da komai ba."

Bai taɓa kiransa da sunansa ba sai ranar. Maiwada ya ajiye masa jarkar ruwa a gefe, ya tura tasa wayar a aljihun gaba, ya hau keke. Da ya waiga daga bakin shinge, ya ga Bashari ya tofar da yawu, ya duba, ya yi sauri ya rufe shi da ƙasa.

A mararraba ya juya kan keken zuwa fili. Ya yi 'yar tafiya, tayoyi suna nutsewa a yashi, yana gaya wa kansa cewa mutumin da kansa ya ce a bi ta nan. Amma hannun nan da ya rufe yawu da ƙasa ya ƙi barin idonsa. Ya tsaya. Ya sauke ƙafa ɗaya, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗaga keken ya juya shi, ya yi bismilla.

Farkon hawan bai yi tsanani ba. Ya tashi tsaye a kan feda yana dannawa da dukkan nauyinsa, idonsa a kan tayar gaba, bai yarda ya kalli ko'ina ba. Da hanyar ta fara miƙewa sama, keken ƙarfen ya ƙi tafiya, sai ya sauka yana turawa. Bangon dutse yana hagunsa, saboda haka ya koma hannun masu saukowa, yana tafe kafaɗarsa tana gogar dutse. Abin da ke damansa bai gan shi ba, amma yana jin sa. Iskar da ke tasowa daga can daban take, mai sanyi, ba ta da ƙasa a ƙarƙashinta.

A wata kwana wata jif ta ɓullo daga sama, cike da iyali. Direban ya ga mutum a hannunsa, ya danna ham, ya kauce. Maiwada ya ɗaga hannu yana ihu, amma kafin ya haɗa kalmomin Larabcin motar ta sha kwana ta ɓace. Ya ci gaba. Gumi yana shiga masa ido, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa, wani lokaci aya, wani lokaci sunan Fiddausi.

Sai hanyar ta juya, bangon ya ƙare. A wurin, shingen ƙarfen gefen titi ya karye, an bar giɓi, kuma kafin ya sunkuyar da kai idonsa ya riga ya faɗa ciki. Ya ga duniya gaba ɗaya a ƙarƙashinsa. Duwatsu jajaye da ruwan zuma sun jeru kamar katangun wani birni da babu kowa, suna tafiya har inda ido ya gaza. Bayansu tuddan jan yashi, bayan yashin wani shuɗi-shuɗi da ba a san ko ƙasa ba ne ko sama. Wata shirwa tana shawagi, kuma bayanta yake gani, ba cikinta ba. Keken ya faɗi, shi ma ya zube, ya ja jiki da baya har ya jingina da wani dutse, ya ƙanƙame shi.

Ya san wannan yanayin. Shi ne na ranar ginshiƙi. A ranar akwai mutum huɗu da suka ɓamɓare shi. Yau babu kowa, kuma a ƙasa akwai mutum yana jiran jini ya fara zuba. Ya ciro waya. Babu sabis. Ya ce wa ƙafafunsa su tashi, suka ƙi. Ya fashe da kuka kamar yaro, yana ba Bashari haƙuri da ƙarfi.

Bai san tsawon zaman da ya yi ba kafin ya ji gurnanin inji daga ƙasa. Tankar ruwa ce, irin waɗanda ke ɗebo ruwa a rijiyoyin gindin dutse suna kai wa masu raƙuma a sama. Tana hawowa da ƙyar, tana fitar da baƙin hayaƙi. Ganin mota ya ba shi ƙarfin da ya rasa. Ya miƙe, ya cire hula yana kaɗawa. Direban ya danna ham mai tsawo, ya nuna sama da hannu, bai rage gudu ba. Mota mai cike da ruwa ba ta tsayawa a tsakiyar hawa, in ta tsaya ba lalle ta iya tashi ba.

Tana wuce shi a hankali, kamar yadda manyan motoci ke fita daga filin sauke kaya. Bai yi tunani ba. Ya ɗaga keken, ya warware igiyar kariya, ya ɗaura baki ɗaya a wuyan keken, ya bi ta a guje, ya zura ɗaya bakin a tsanin ƙarfe da ke bayan tankar, ya riƙe a tafin hannu, ya haye. Igiya ta miƙe, keken ya tafi.

Sai dai tankar a hannunta take tafiya, dab da bakin ramin, shi kuma yana bayanta. Hannu ɗaya a kan keke, ɗaya a igiya, tayar gaba tana lilo. Famfon bayan tankar yana yoyo, ruwa yana fantsamar masa a fuska, igiyar ta jiƙe tana zamewa. Keken ya yi wani layi zuwa dama, ya ji tsakuwar gefen titi a ƙarƙashin taya. Abin da yake so a duniya kawai shi ne hannuwansa biyu su kasance a kan ƙarfen keken. Ya danna feda sau biyu, igiya ta ɗan saki, yatsunsa suka yi abin da suka saba yi kullum a kasuwa. Kafin ya farga, ya riƙe kan keken da hannu biyu, ƙullin kaya kuma yana zaune daram.

Na ɗan lokaci ya ji sauƙi. Ya kafa ido a kan famfon da ke ɗiga, ya bar tankar ta toshe masa duniya. Sai direban ya canja giya. Motar ta yi kamar ta tsaya, ƙarfen bayanta ya taho fuskarsa, ya danna silifa a taya da dukkan ƙarfinsa. Sannan ta fizga, har wuyansa ya amsa. Ya dubi ƙullin, ya ga ya shige cikin kansa, jiƙaƙƙe, ya yi tauri kamar dutse. A nan maganar Bashari ta dawo masa. Ya laluba aljihu neman wuƙa, ya tuna tana can a rumfa.

Ya ce a ransa in an sake canja giya, igiya za ta saki, zai kwance. Aka sake canjawa a wata kwana mai tsini, inda titin ya leƙa waje kamar baranda, babu komai a gefensa sai iska. Igiyar ta saki har ta taɓa taya. Ya umarci hannunsa na dama ya tashi daga ƙarfen. Hannun ya ƙi. Tankar ta sake fizga.

Daga nan gurnanin injin ya fara sauka. Titin ya kwanta, iska ta buɗe ta ko'ina. Sun iso sama. A aljihunsa waya ta fara ƙara, saƙonni suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Sabis ya dawo, yana jin sa a ƙirjinsa, ba shi da hannun da zai ɗauka.

Direban kuwa ya gama wahalar hawa, ga hanya ta miƙe da 'yar gangara. Ya ƙara giya, ya sake ƙarawa. Maiwada ya yi ihu, injin ya haɗiye ihun. Ya yi ƙoƙarin tuƙawa ya cim ma motar don igiya ta saki, amma feda tana juyawa fiye da yadda ƙafa za ta bi, ta bugi ƙaurinsa ta yaga fata. Ya danna silifa a taya, ya ji warin roba, silifar ta fizge ta tafi. Keken ya fara wata irin rawa, kariyar ƙarfe tana kaɗawa a bayansa. Ya gane cewa rami ɗaya a kwalta, ko birki ɗaya daga direban, shi ke nan. Ya kuma gane cewa in ya mutu a nan, babu wanda ya san akwai mutum kwance a rumfa.

Dole ya bar keken. Ya dubi hagu: kwalta, bayanta fasassun duwatsu masu kaifi. Ya tilasta wa kansa duban dama. Titin yana bin leɓen dutsen ne, tsakaninsu 'yar tazara, bayan tazarar sai sarari. Amma a can gaba iska ta tara yashi a gefen, ja, mai laushi, ya kwanto har bakin kwalta. Wuri mai taushi ɗaya ke nan, kuma a ɓangaren ramin yake.

Ya ce, "La'ilaha illallahu," ya saki kan keken, ya jefa kansa dama.

Ƙasa ta buge shi a kafaɗa, ya ji wani abu ya ɓalle a ciki. Ya mirgina, sama da yashi suna musanya wuri, yana jiran lokacin da zai ji babu komai a ƙarƙashinsa. Sai ya tsaya. Bakinsa cike da yashi, hannunsa na hagu a lanƙwashe a ƙarƙashinsa. Daga nesa yana jin keken yana dukan kwalta a bayan tankar, sannan ƙarar birki mai tsawo.

Direban wani Basudane ne mai suna Maulud. Ya faɗa daga baya cewa da ya sauko ya ga keke ɗaure a motarsa babu mai shi, sai da ya dafa tankar don kada ya faɗi. Ya biyo titi a guje yana salati, ya hango mutum a kan yashi.

"Ya zol, bawan Allah! Kana da rai? Mahaukaci ne kai? Wa ya ce ka ɗaura..."

Maiwada ya turo masa wayar da hannun da ke aiki. Gilashinta ya farfashe. Da Larabcinsa na kasuwa ya ce, "Maciji. Abokina. Gona, a ƙasa. Kira asibiti."

Maulud ya kira motar agaji da tasa wayar. Ya yi magana, ya saurara, ya juyo. "Suna tambaya wace gona. Gonaki sun fi ashirin a ƙasan nan. Mene ne sunan wurin?"

Maiwada bai sani ba. A kwance ya shigo, fuskarsa a buhu. Ya ce gonar Abu Kamil, Maulud ya ce bai san wani Abu Kamil ba. Lambar Buraima kuma tana wayar Bashari.

"Daga bakin can ana ganin komai," in ji Maulud, yana nuna leɓen dutsen. "In ka nuna mini, zan gane. Duk rijiyoyin nan na sha ɗiban ruwa a cikinsu."

Maiwada ya dubi inda ya nuna. Bai yi gardama ba, bai kuma iya miƙewa ba. Ya ce, "Riƙe ƙafata." Ya ja ciki a kan yashi, sannan a kan dutse, da gwiwar hannu ɗaya, Maulud yana biye da shi a durƙushe, riƙe da idon sawunsa. Da yatsunsa suka taɓa inda dutsen ya ƙare, ya ɗaga kai ya buɗe ido. Ya yi amai a wurin. Ya goge baki ya sake dubawa. Ya bi farin zaren hanyar da ido, kwana bayan kwana, har gindin dutse, har mararraba. Ga wani ɗan kore a lungu, ga farar rumfa, ga ɗakin inji mai shuɗiyar ƙofa.

"Can," ya ce. "Mai shuɗiyar ƙofa."

"Na san ta," in ji Maulud, ya mayar da waya kunne.

Mota biyu aka turo. Ɗaya ta sauka, ɗaya ta ɗauki Maiwada. An sami Bashari da ransa, ƙafar ta kumbura har cinya, gaban rigarsa duk jini. An yi masa allurar dafin maciji, an ƙara masa jini. Likitan ya gaya wa Abu Kamil cewa da an jira dawowar mai gadi, da gawa za a ɗauko.

Da aka bar Maiwada ya shiga wurinsa, hannu a rataye, Bashari ya riga ya ji labarin daga bakin Abu Kamil. Ya dube shi.

"Ɗaurewa ka yi?"

"Ɗaurewa na yi."

Bashari ya buɗe baki zai yi zagi, sai ya fasa. Ya juya fuska bango, ya miƙo hannu ta baya, Maiwada ya riƙe.

Bashari ya yi kusan wata guda a asibiti. Ƙafar ba ta koma daidai ba, kuma ƙodarsa ta taɓu. A watan Agusta na 2022 ya koma Dutsin-Ma, inda yake sayar da kayan miya a ƙofar gidansa. Maiwada ya karye a ƙashin kafaɗa, yatsu biyu na hannun hagunsa kuma sun sandare, ba ya iya dako. Abu Kamil ya mayar da shi ma'ajiyarsa ta sanyi a Birnin Masana'antu na Biyu, yana kula da sikeli da shigar motoci. Ya je gida hutu a 2024, ya dawo bayan Babbar Sallah. Har yanzu yana wannan aiki.